Yafiyar Malam Mudi

Littafin ya zo gangara. Malam Mudi bai yi boko ba, balle a kai ga Faransanci, amma yana da ido. Takardun da ke hannun hagun Malam Paul sun yi tudu, na hannun dama kuwa sun koma sirara kamar wainar marowaciya. Tun ana casar dawa suka fara shi, ga shi yanzu zafin bazara ya kai maƙura, mutane sun gama sharar gona suna ta ɗaga kai suna duban gabas.

Kullum bayan la'asar Malam Paul zai taho daga unguwarsu ta bayan coci a kan tsohon kekensa, littafin ɗaure a baya da roba. Kafin ya iso, Shafa'atu ta riga ta shimfiɗa tabarma a zaure, ta jingina mijinta da bango, ta tokare masa ɓarin da ya mutu da matashin kai.

"Salamu alaikum, sarkin ragwaye," in ji Paul yana jingine keke. "Har yanzu kana nan zaune? Mutane na can suna kai taki gona."

"Ba komai," in ji Mudi.

Abin da ya rage masa ke nan. Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi a bakin rumbu, ya tafi da hannun dama da ƙafar dama, ya haɗa da magana. Hankalinsa yana nan garau, yana jin komai, yana gane komai. Likita a Funtua ya ce kalmomin suna ciki, hanyar fitarsu ce ta toshe. Biyu kawai suka tsira, "ba komai" da "alhamdu lillahi", su ma ba shi ke aikensu ba, su ke fitowa in sun ga dama. A tambaye shi ko zai sha koko, ba komai. Ran da kunama ta harbe shi a ƙafa mai rai, yana gumi yana murƙususu, abin da ya fito ke nan. Wannan fa mutumin da a da in ya buɗe baki a kasuwar Danja sai dillalan tumatir sun roƙe shi ya bar su su ma su ci abinci. Paul ya taɓa sa masa biro a hannun hagu ko ajami zai fito, sai ga wani jagwalgwalo wanda ko shi mai rubutun bai gane ba.

Shi Paul taubashinsa ne. Uwar Paul da uban Mudi ciki ɗaya suka fito, a wani ƙauye kusa da Gozaki. Da mishan suka zo ita ta bi mijinta coci, shi kuma ƙanen nata ya musulunta, zumunci bai ce komai ba. Tun suna kiwon awaki suke zagin juna, har ga shi furfura ta cika masu kai ba su gaji ba. Paul ya koyar da Faransanci a wata sakandare a Malumfashi har ya yi ritaya, Mudi kuwa yakan ce a duk ƙasar Katsina ba a taɓa kama ɗalibinsa ko ɗaya yana yin yaren ba.

Don kashe lokaci Paul ya kawo littafin, wani tsohon abu mai kauri da wani fada na cocinsu ya bar masa, bangonsa ma ya daɗe da tafiya. Yakan fara gunaguni da Faransancin kamar mai kurkure baki, sannan ya juye shi da Hausa, ya sa masa gishiri yadda ransa ya so, har attajiran birnin Faransa suka koma alhazan Funtua a bakinsa, da tumbi da carbi. Labarin wani matuƙin jirgin ruwa ne da abokan zamansa suka ƙulla wa sharri, aka jefa shi kurkuku ba shari'a, ya rasa komai, daga baya ya kuɓuta, ya yi dukiya, ya dawo da wani suna yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Paul bai yi tunanin komai ba da ya ɗauko shi. Sai ran da suka zo inda aka kama matuƙin, Mudi ya damƙe masa wuyan hannu har farce ya shiga, sannan Paul ya gane abin da ya kawo gidan.

Shekarun baya, lokacin da 'yan bindiga suka matsa wa yankin, sun shigo garin da rana tsaka, suka kora shanu, suka kashe ɗan mai unguwa. Gari ya ɗauki zafi, kowa na neman wanda ya nuna masu hanya. A taron da aka yi a ƙofar mai unguwa, wani manomin garin mai suna Jibo ya miƙe ya rantse cewa da idonsa ya ga Mudi a bayan tashar Danja yana miƙa wa mutanen daji burodi da jarkar fetur. Kowa ya san akwai rigimar ruwan fadama tsakanin Jibo da Mudi, amma ranar ba wanda ya tuna. 'Yan sa-kai suka ɗaure Mudi suka miƙa wa hukuma. Ya yi shekaru a tsare bai ga fuskar alƙali ba, har wata rana aka buɗe ƙofa aka ce ya tafi. Ba a ce ya yi ba, ba a ce bai yi ba. Ya dawo ya tarar an sayar da fadamar don gida ya ci abinci, ta zagaya ta faɗa hannun Jibo. A masallaci sai a bar fili kusa da shi a sahu. Yara in an aike su, kwatancensu shi ne gidan infoma. Ɗansa Abubakar Sadiq ya koma Funtua yana lodin buhu, in an tambaye shi garinsu sai ya faɗi wani.

Mudi ba ya son ran Jibo, fadamar ma ya cire ta daga ransa. Abu ɗaya yake so kafin a sa shi a ƙasa: Jibo ya tsaya gaban mutanen da ya tsaya a gabansu, ya ce ƙarya ya yi. Shi ya sa a duk littafin ba inda ya fi masa daɗi kamar inda aka tona asirin ɗaya daga cikin maƙiyan matuƙin a tsakiyar majalisa, manya na zaune, shaida ta miƙe ta zayyane komai. Ya yi ta buga tabarma da tafin hagu har Paul ya koma ya sake karantawa. Ranar ya yi dariya da rabin baki, Shafa'atu ta leƙo a tsorace tana zaton shaƙewa ya yi.

Suna cikin babin ƙarshe-ƙarshe labari ya zo cewa Jibo ya samu kujerar Makka. Kamar yadda aka saba, maniyyaci ba ya kama hanya sai ya bi gida-gida ya nemi gafarar mutane, don an ce hajji ba ya wanke haƙƙin wani. Liman, Malam Haladu, ya aiko cewa ranar Juma'a in an sauko masallaci za su zo da Jibo gidan Malam Mudi.

Da Paul ya ji, bai buɗe littafi ba ranar. Ya zauna yana kallon taubashinsa, shi ma yana kallonsa.

"Za ka yafe mashi?"

Mudi ya girgiza kai har hularsa ta zame.

"Sai ya faɗi abin da ya yi?"

Mudi ya buga tabarma.

"Gaban jama'a?"

Ya sake bugawa, da ƙarfi.

"To ai sai mu koma aji," in ji Paul yana gyara tabarau. "Ni da na koya wa jakuna Faransanci, Hausa ce za ta gagare ni? Ce, ban yafe ba. Fara da ban. Harshenka ya taɓa dasashi."

"Ba... ba komai."

"Kai, wannan ɗalibi! Ko a bayan aji ba ka cancanci benci ba. Sake."

Haka suka yi ta yi. Sai su yi rabin babi, su ajiye, su koma kan kalmomin. Mudi yana ganinsu sarai a cikin kansa, a jere, amma da zarar ya tura su sai su bi tsohuwar hanyar da bakin ya saba. Gumi ya jiƙa masa riga, jijiyar wuyansa ta tashi. Wata rana "ban" ta fito. Washegari ta ɓace, suka nemo ta da ƙyar. Sannan ana saura kwana kaɗan, ba zato, abin ya fito gaba ɗayansa, a karkace, a jajjage, amma ko kurma ya kalli bakin ya san me aka ce. Paul ya cire tabarau ya daɗe yana goge ido, wai zufa ce.

"In ta maƙale ranar, kar ka damu," in ji shi. "Ina wurin. Ni zan faɗa."

Shafa'atu tana jin duk abin da ake yi, don zaure da tsakar gida zana ce kawai tsakaninsu. Ta tare Paul a ƙofa yana kwance keke, ta yi ƙasa da murya, ta manta kunnen mijinta bai shanye ba.

"Malam Paul, Murna ta ce mani wai ƙarshen littafin nan mutumin yafewa ya yi."

"Matata ba a yin sirri da ita, na sani."

"Don girman Allah ka kai shi wurin kafin Juma'a. Ko zuciyarsa ta yi sanyi. Na gaji, Malam Paul. In ya kunyata Jibo gaban Liman, wa zai ba mu aron shanun huɗa bana? Wa zai zo mana gayya? Da ƙyar mata suka fara amsa gaisuwata a wurin niƙa."

Mudi ya ji, bai kuma ji haushinta ba. Matar da ke ɗaga shi ta kai shi bayan gida, ta wanke shi, ta ba shi tuwo a baki, da wane ido zai ji haushinta? Tausayinta ya ji, da wata kunya mai nauyi, don ya san duk da haka ba zai fasa ba.

Babin ƙarshen ba su zo masa yadda ya so ba. Maƙiyi na biyu ya haukace bayan an tona shi, amma a cikin rikicin wani yaro ƙarami da bai san hawa ba bai san sauka ba ya mutu, sai jikin matuƙin ya yi sanyi. Mutumin da ya kwashe rabin littafi fuskarsa ba ta motsi ya koma yana tambayar kansa ko ya wuce gona da iri. Mudi ya yi tsaki, don tsaki bai bar shi ba. Yaron ya ba shi tausayi, amma saura mutum ɗaya, kuma shi ne uban tafiyar, shi ya fara ƙulla sharrin. An kama shi, an rufe shi a wani kogo, yunwa tana cinsa. Mudi ya riga ya tsara yadda za a yi: a ɗauko shi a kai shi garinsu, bakin teku inda aka kama matuƙin, a tara tsofaffin da suka sani, ya faɗa da bakinsa.

Ranar Laraba gunagunin Paul ya yi tsawo. Ya karanta shafin, ya koma sama, ya goge tabarau, ya ce yau zafi ya yi yawa, ko su bari sai gobe. Don a ci gaba, Mudi ya buga tabarma.

"To," in ji Paul. Ya sauke numfashi. "Matuƙin ya shigo kogon. Ya tambaye shi ko ya tuba, ya ce ya tuba. Sai ya gaya mashi ko shi wane ne. Sannan ya ce ya yafe mashi. Ya sa aka ba shi abinci, aka buɗe mashi ƙofa ya tafi."

Mudi ya zuba masa ido. Ya jira dariyar, don ya san halin taubashinsa, ba yau ya fara sa wa labari ƙarshen ƙarya don ya ga ya fusata ba. Dariya ba ta zo ba. Sai ya kalli ƙofar cikin gida, ya dawo da ido kan Paul.

"A'a," in ji Paul. "Ba ita ta sa ni ba. Allah ne shaidana, haka aka rubuta. Da zan canza, wallahi ta wancan gefen zan canza."

Mudi ya kai wa littafin hannu. Ya tashi sama ya bugi bango, ɗinkin ya ɓalle, takardu suka watse har ƙarƙashin keke. Paul ya durƙusa, tsoho da shi, yana tsince su ɗaya-ɗaya yana duba lamba, gwiwoyinsa na ƙara.

Da fushin ya lafa, abin da ya zauna a ran Mudi ya fi fushin ciwo. Watanni yana ɗaukar matuƙin nan ɗan'uwansa, ashe ba su haɗa komai ba sai kurkuku. Wancan yana da zinariya, yana da jirgi, yana da masu tsaron ƙofa, yana kuma da baki. Maƙiyinsa na durƙushe a gabansa, ya san laifin da ake magana a kai, ya amsa shi. Mutum irin wannan in ya ce ya yafe, kowa ya san da ya so da bai yafe ba. Shi kuwa me yake riƙe da shi da zai saki? Ko ƙuda ya sauka masa a hannun dama sai ya jira wani ya kore masa.

Ranar Alhamis Paul ya karanta abin da ya rage, ba gishiri ba alhazan Funtua. Matuƙin ya raba dukiyarsa, ya hau jirginsa ya yi nisa cikin teku. Paul ya haɗa takardun ya ɗaure su da roba.

"Shi ke nan," in ji shi. "Rabin shekara muna bin mutum, ya shiga ruwa ya bar mu a tudu." Ya ajiye littafin gefe. "Mu gwada naka."

Suka gwada. Sau biyu ta fito, sauran duk ta ƙi.

Ranar Juma'a Shafa'atu ta sa masa farar riga, ta share zaure, ta aro tabarmi. Da aka sauko masallaci sai ga su: Liman a gaba, mai unguwa, dattawan gari, da waɗanda ba a gayyata ba amma ba a barinsu a baya. Zauren da ya yi shekaru bai ga baƙo ba in ban da Paul, yau ya cika har ƙofa. Shi Paul ya samu wuri can bakin ƙofa kusa da takalma, ya naɗe ƙafa.

Jibo ya shigo daga ƙarshe, cikin shadda sabuwa, ƙamshin turare na binsa. Mudi ya daɗe bai gan shi kusa ba. A cikin kansa Jibo ƙato ne mai faɗin ƙirji, kamar ranar taron. Wanda ya shigo kuwa ya rame, wuyansa ya yi tsawo a cikin rigar, idonsa na ƙasa.

Liman ya yi bayani a kan hajji da haƙƙin maƙwabtaka, ya ce zaman duniya ba a rasa saɓani, ya kawo falalar mai yafiya. Bai ambaci Danja ba, bai ambaci kurkuku ba. Sannan ya dubi Jibo.

Jibo ya matso a kan gwiwa. Ya kama hannun Mudi na hagu, mai ran, ya rufe shi cikin hannayensa biyu.

"Malam Mudi, zan tafi ɗakin Allah, ban san ko zan dawo ba. Mun zauna tare shekara da shekaru. Duk abin da na yi maka, wanda na sani da wanda ban sani ba, ka yafe mani don Allah don Annabi."

Kalaman da ake faɗa wa kowa ne. Su ya faɗa wa mai shayi, su ya faɗa wa matar da akuyarsa ta taɓa ci wa dusa.

Mudi ya tattaro duk ƙarfin da ya rage masa. Ga kalmomin nan a jere, ya gan su. Ya ja numfashi yadda Paul ya koya masa, ya ɗaga harshe yana neman dasashi.

"Ba..."

Mutane suka miƙo wuya.

"Ba komai."

"Allahu akbar!" in ji Liman, zaure ya amsa.

Mudi ya girgiza kai. Ya ja hannunsa zai buga tabarma, Jibo ya ƙara riƙewa yana jijjiga shi don godiya. Ya sake turawa da ƙarfi, abin ya sake fitowa, "Ba komai, ba komai," yana ƙara yaƙi da shi yana ƙara fita da ƙarfi. Hawaye suka zubo masa ta ido mai rai da wanda ya saki. Ya yi wani yunƙuri na ƙarshe har ƙirjinsa ya yi zafi, sai bakin ya ce, "Alhamdu lillahi."

"Kun gani ko?" in ji Liman. "Har girgiza kai yake, wai kar ma a tayar da maganar. Jama'a, irin wannan zuciya ba kowa Allah ke ba ba."

Daga bayan zana aka ji shessheƙar Shafa'atu.

"Allah gafarta Malam, a dakata."

Paul ne. Ya miƙe tsaye a bakin ƙofa.

"Bai yafe ba. Ni nake zama da shi kullum, na san abin da ke bakinsa. Cewa yake bai yafe ba, sai Jibo ya faɗa gaban jama'a cewa ƙarya ya yi mashi a kan maganar Danja."

An faɗa. An ambaci Danja a gaban Liman da mai unguwa. Mudi ya ji hannayen Jibo sun yi sanyi a kan nasa. Ba wanda ya motsa, ba wanda ya kalli wani, don kusan duk wanda ke zaune a zauren nan yana wurin ranar da aka ɗaure shi.

Sai mai unguwa ya kece da dariya.

"Kai, Ticha! Ko a nan ma ba za ka bar taubashinka ya huta ba? Mutum ya samu lada a sama, kai kana baƙin ciki!"

Dariyar ta kama ko'ina, da sauri, har da waɗanda ba su ji abin da aka ce ba. Kowa ya san Paul da Mudi. An ji Paul ya kira shi ɓarawon kaji ranar ɗaurin aurensa, an ji Mudi ya ce a binne Paul da littafinsa don mala'iku su samu abin hura wuta. Maganar taubashi ba a kai ta gaban alƙali, ba a kuma riƙe ta a zuci, dariya ake yi a wuce. Yau kuwa ba su taɓa jin daɗin wannan al'ada kamar yau ba.

"Ba wasa nake ba," in ji Paul.

"Yaushe ka taɓa cewa wasa kake?" in ji wani dattijo, aka sake fashewa.

"Mudi!" Paul ya ɗaga murya. "Nuna masu. Haka ne ko ba haka ba?"

Mudi ya shiga gyaɗa kai da duk ƙarfin wuyansa. Amma Liman ya riga ya ɗaga hannu ya ce a yi fatiha, kowa ya sunkuyar da kai cikin tafinsa. Paul ya buɗe baki, ya rufe. An haife shi a garin nan, bai taɓa yin magana a kan addu'ar wani ba, ko yau bai iya ba. Ya tsaya a cikin takalma, kansa a ƙasa, har aka shafa.

Aka fara fita. Kowa sai ya tsaya ya taɓa hannun Mudi ya sa masa albarka. Mutumin da ya fi kowa barin fili a sahu ya ce masa Allah ya sa aljanna ce makoma. Paul ya bi Liman waje yana ta bayani, Mudi na jin muryarsa tana hawa, ta Liman tana lallashi, har suka yi nisa.

Jibo bai tashi ba. Ya jira zauren ya zama ba kowa, ya waiga ƙofa, sannan ya matso da bakinsa kusa da kunnen Mudi.

"Ban gan ka a Danja ba, Mudi. Ranar ko Danja ban je ba, ina gona. Haushin ruwan fadamar nan ne. Na zaci kwana biyu za su yi maka su sake ka. Tun ranar ban ƙara barci mai daɗi ba, Allah ya sani. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko matata." Ya share fuska da hannun riga. "Yau ka sauke mani dutse. Zan yi maka addu'a a Arfa, da sunanka."

Ya ajiye hannun Mudi a hankali a kan cinyarsa, ya miƙe. Kuka yake da gaske, ba na ganin ido ba. Ya sa takalmi ya fita, Mudi na kallon bayansa, ya ga kafaɗunsa sun miƙe. A waje mota ta tashi, mutane na ɗaga murya suna cewa Allah ya sa a yi karɓaɓɓiya, Allah ya dawo da shi lafiya.

Paul ya shigo yana haki, tabarau a hannu.

"Na hango shi ta ƙofa yana yi maka raɗa. Me ya ce?"

Mudi yana da maganar duka, ba ko kalma ɗaya da ta ɓace masa. Danja, gona, ruwan fadama. Abin da ya yi shekaru yana roƙon Allah ya ji, ga shi ya ji, yana nan a cikin kansa da ɗuminsa.

Paul ya durƙusa a gabansa ya dafa masa gwiwa.

"Ɗan kawu, me ya ce maka? A hankali. Ina jinka."

Mudi ya ja numfashi, leɓensa ya fara motsi. Ya ji abin da ke tahowa, ya san ba shi ba ne. Sai ya ɗaga hannun hagu ya toshe bakinsa, ya danne da ƙarfi, hawaye na bin bayan yatsunsa. Paul ya zauna a ƙasa, yana jira.